Rawar Tsakar Rana: Wa Ke Tsare Rayuka a Bukukuwan Kiɗan Na'ura na Turai?

A wata ranar Asabar cikin watan Agusta, birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, wanda duniya ta fi saninsa da bankuna da zaman tsit, yakan rikiɗe ya koma dandalin rawa. Daga azahar manyan motoci kimanin 30, kowacce an jibga mata lasifikoki da mai sarrafa kiɗa, suke fara rarrafe a bakin tafkin birnin, a kan hanyar da tsawonta bai fi kilomita 2 da 'yan kai ba, jama'a kuwa suna biye suna rawa har tsakar dare. Sunan bikin Street Parade. An fara shi a 1992 da mutane wajen 1,000, amma a shekarun da ya fi cika akan ƙiyasta mahalartansa da miliyan ɗaya, alhali mazauna birnin gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. A garin Boom na ƙasar Beljiyam kuma akwai Tomorrowland, wanda ya fara a 2005 a matsayin bikin yini guda, yanzu yake tara mutum kimanin 400,000 cikin ƙarshen mako biyu na watan Yuli. Irin waɗannan bukukuwa, manya da ƙanana, sun zama wani ɓangare na lokacin zafi a Turai: a buɗe ƙofa da hantsi, a yi ta kiɗa a fili ƙarƙashin rana, a kashe lasifika kafin dare ya yi nisa. Wanda ya ga hotunansu a waya, samari da 'yan mata cikin shiga iri-iri suna tsalle, zai iya ɗauka cewa duk haɗarin da ke wurin daga kiɗan yake da halin masu rawar. Abubuwan da suka faru cikin shekaru 30 da suka wuce sun nuna cewa ko za a watse lafiya ko za a kwashi gawa, hukuncin yana hannun wasu mutane da ba sa fitowa a hoton, wato masu shirya taron da hukumar da ta ba su izini. Suna yanke shi ne tun watanni kafin a kunna kiɗa, a lokacin da suke lissafin faɗin ƙofa da yawan famfo da adadin likitoci.

Kiɗan da ake magana a kansa ba shi da gangar fata ko mai busa, na'ura ce ke buga shi. Asalinsa daga baƙaƙen fatar Amurka yake, a farkon shekarun 1980. A Shikago wani mai suna Frankie Knuckles ya shahara a gidan rawa na Warehouse da salon da aka kira house, a Detroit kuma wasu abokai uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka fito da salon tekno. Kayan aikinsu na'urori ne na kamfanin Roland na Japan, irin su TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983, waɗanda ba su yi kasuwa ba da farko, don haka suka faɗo hannun samari marasa jari a farashin gwanjo. Jigon kiɗan bugu ne mai maimaita kansa, sau 120 zuwa 130 a minti guda, wasu salon ma sun haura 150. Aikin DJ, wato mai sarrafa kiɗan, shi ne ya saƙa ƙarshen wannan kiɗa cikin farkon wancan ta yadda bugun ba zai yanke ba ko na daƙiƙa ɗaya. Masu raina sana'ar kan ce ai maɓalli kawai yake dannawa, kuma a gaskiya akwai waɗanda ba su wuce hakan ba. Gwaninsu kuwa yana aiki ne kamar mai kalangu a dandali, idonsa na kan ƙafar masu rawa, ya san lokacin da zai ƙara wuta da lokacin da zai sassauta. Abin lura ga zancenmu shi ne rashin yankewar nan. A wasan mawaƙi, in waƙa ta ƙare ana tafi, ana numfasawa, wani ya tuna yana jin ƙishirwa. A nan babu wannan gurbin, mutum na iya shafe sa'o'i shida yana motsi cikin rana bai ankara ba, kuma da yawa daga cikin matsalolin da za mu duba daga nan suke tasowa.

Ba da rana aka fara wannan harka ba. A ƙarshen shekarun 1980, matasan Birtaniya suna taruwa ne cikin dare a tsofaffin rumbunan ajiya da gonakin mutane ba tare da izinin kowa ba, ana sanar da wurin ta waya sa'o'i kaɗan kafin a fara don kada 'yan sanda su riga su isa. A watan Mayun 1992 dubun-dubatar mutane suka mamaye wani filin kiwo a Castlemorton na yammacin Ingila, suka yi kusan mako guda suna kiɗa, mutanen ƙauyen suka rasa barci, jaridu suka yi ca. Bayan shekara biyu majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa taron mutum 100 ko fiye da ke kunna kiɗa mai ƙara a fili cikin dare, har dokar ta siffanta kiɗan da bugunsa mai maimaituwa don kada a yi shakkar da wa take. Dokar ba ta kashe rawar ba, raba ta gida biyu ta yi. Wasu suka ƙara nutsewa cikin daji, inda babu ruwa, babu motar asibiti, babu wanda za a tuhuma in wani ya faɗi. Wasu suka je ofishin ƙaramar hukuma neman lasisi, daga cikinsu aka sami manyan bukukuwa irin su Creamfields da aka fara a 1998. A Holan ma, inda aka fara Mysteryland a 1993 da Dance Valley a 1995, hanyar lasisin aka bi. Lasisi kuwa da sharuɗɗa yake zuwa. Maƙwabta suna son barci, jirgin ƙasa na ƙarshe yana da lokacinsa, 'yan sanda da ma'aikatan agaji sun fi ganin abin da ke faruwa da hasken rana. Ta haka kiɗan da aka haifa a duhun gidajen rawa ya koma abin da ake farawa da hantsi.

Mai zuwa irin wannan biki a yau zai fara cin karo da ƙa'ida tun kafin ya ji sautin farko. Tikiti ta intanet ake saye, sau da yawa watanni kafin ranar, wani lokaci da sunan mai shi a jiki. A bakin ƙofa za a duba shekarunsa, don yawancinsu ba sa karɓar wanda bai kai 18 ba, a caje jakarsa, a ɗaura masa wani awarwaron yadi a hannu, wanda a manyan bukukuwa yake ɗauke da ɗan guntun na'ura da ake biyan kuɗin abinci da shi. A ciki zai tarar da dandamali da dama, kowanne da salon kiɗansa da jadawalin masu hawa, ga layin banɗakuna, ga rumfar likitoci, ga famfunan ruwa, ga abinci mai tsadar da ba ta dace da shi ba. Duk wannan yana kama da takura, kuma mahalarta kan yi ƙorafi a kansa. Sai dai kusan kowace ƙa'ida a cikinsu hanya ce ta ƙidaya. Tikiti ne ke gaya wa mai shiri mutum nawa za su shigo, jadawali ne ke gaya masa ƙarfe nawa dubban mutane za su tashi daga wannan dandamali su nufi wancan, daga nan yake sanin faɗin hanyar da zai bari a tsakani. Wanda ke son sanin amfanin wannan ƙidaya, ya dubi abin da ya faru a inda aka yi sakaci da ita.

Love Parade ita ce uwar bukukuwan rawar titi na Turai. Wani DJ da ake kira Dr. Motte ya fara ta a Berlin a watan Yulin 1989 da mutane kimanin 150, watanni kaɗan kafin a rushe katangar da ta raba birnin. A 1999 masu shiryawa suka ce mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka halarta, a kan faffaɗan titin da ya ratsa lambun Tiergarten, inda duk wanda ya gaji da matsi zai iya zamewa cikin itatuwa. Daga baya matsalar kuɗi ta taso, musamman bayan da bikin ya rasa matsayinsa na zanga-zangar siyasa a 2001, abin da ya sa kuɗin shara da tsaro ya koma wuyan masu shiryawa. A 2007 aka mayar da shi yankin Ruhr na yammacin Jamus. Ranar 24 ga Yulin 2010 aka yi shi a Duisburg, a filin wata tsohuwar tashar jiragen dakon kaya da aka zagaye da shinge. Izinin da aka bayar na mutum 250,000 ne, amma shiga kyauta ce, babu tikiti, don haka babu wanda ya san adadin da ke tafe. Hanyar isa filin ta ƙarƙashin gada ce, wani dogon rami, daga nan a hau wata gangara, kuma wannan gangarar ita ce babbar mashiga ita ce kuma babbar mafita. Faɗinta wajen mita 26 ne, amma shingayen da aka bari a kanta sun matse wani wuri zuwa ƙasa da mita 11. Da la'asar masu shigowa suka yi karo da masu fita, aka kafa layukan 'yan sanda don rage kwararar jama'a, layukan suka ɓalle, mutane suka cushe a gindin gangarar suna neman hawa wata siririyar matakala don su tsira. Mutum 21 suka mutu, sama da 500 suka ji rauni. Binciken gawarwakin ya nuna cewa matsewar ƙirji ce ta kashe su.

Kalmar da ta fara fitowa a labarai ita ce firgici, wato jama'a ne suka ruɗe suka tattake juna, wasu kuma suka jingina abin ga maye. Dirk Helbing, masanin motsin taron jama'a a jami'ar fasaha ta Zurich, ya bi hotunan bidiyon ranar dalla-dalla tare da abokin aikinsa, suka kai ga cewa gazawar tsari ce ta haifar da masifar, kuskure a kan kuskure, tun daga zaɓen filin har zuwa rashin sadarwa tsakanin masu tsaro. Bayanin ilimin a taƙaice shi ne: mutum biyu ko uku a murabba'in mita ɗaya suna tafiya yadda suke so, in sun kai biyar motsi ya fara wuya, in sun kai shida ko bakwai to ba wanda ke mallakar ƙafarsa kuma. Turi daga baya yana ratsa taron kamar igiyar ruwa, na gaba bai san wa ya ture shi ba, na baya bai san ana mutuwa a gaba ba, ƙirji ya kasa buɗewa, mutum ya suma a tsaye. Natsuwa da tarbiyya ba sa ceton wanda ya shiga wannan hali. Helbing ɗin nan shi ne ya yi nazarin bidiyon turmutsutsun da ya auku a gadar Jamrat a Mina a watan Janairun 2006, inda alhazai sama da 340 suka rasu, kuma irin wannan girgizar taro ya gano a can. Babu abin da ya haɗa manufar mai jifan shaiɗan da ta mai rawa a Duisburg, amma haƙarƙarin ɗan Adam iri ɗaya ne, nauyin da zai iya ɗauka ma haka. Gyaran da ya yi amfani a Jamrat shi ne sake gina gadar hawa-hawa, da mayar da tafiya hanya ɗaya, da raba wa ayari lokutan jifa.

A nan wani zai ce, to ai Zurich ma kyauta ce, babu tikiti, kuma taronta ya ninka na Duisburg, me ya sa ba a taɓa ganin irin wannan masifa a can ba? Tambayar ta dace, amsarta kuma tana ƙarfafa hujjar. Hanya biyu ce ake tara jama'a masu yawa lafiya. Ko dai a bar wurin a buɗe, da tituna da yawa da mutum zai iya sulalewa ta cikinsu, kamar yadda ake yi a bakin tafkin Zurich da yadda aka yi a Berlin, ko kuma a kewaye shi da shinge a ƙidaya kowane mai shiga, a buɗe mafita da yawa, kamar a Boom. Duisburg ta ɗauki mummunan ɓangaren kowacce ta haɗa: ta kafa shinge kamar bikin tikiti, ta bar adadi a sake kamar bikin titi. An gurfanar da mutum goma, shida ma'aikatan birnin, huɗu na kamfanin da ya shirya bikin. Sai a Disambar 2017 aka fara shari'ar, a watan Mayun 2020 aka rufe ta ba tare da an yanke wa kowa hukunci ba.

Suka mafi nauyi da ake yi wa waɗannan bukukuwa ita ce ta ƙwaya, kuma ba za a kauce mata da wayo ba. Gaskiya ne wannan kiɗa ya daɗe yana tafiya tare da ƙwayar MDMA, wadda ake kira ekstasi, gaskiya ne kuma tana kashe matasa a bukukuwa. A 2013 an soke ranar ƙarshe ta bikin Electric Zoo a New York bayan mutuwar mutum biyu, a 2018 wasu biyu suka mutu a Defqon.1 a Sydney. Wanda ya haɗiyi ƙwaya shi ya zaɓa, ba mai shiri ne ya ɗura masa ba. Amma in aka dubi yadda ƙwayar ke kisa, sai a ga hannun mai shiri ya sake bayyana. MDMA tana ɗaga zafin jiki, tana kuma ɓoye wa mutum gajiyarsa, sai ya ci gaba da rawa jikinsa na ƙuna har gaɓoɓinsa na ciki su fara gazawa. A wannan fuska rana ta fi dare haɗari, dole a yarda da haka. Tana kuma sa jiki ya riƙe ruwa, ta yadda wanda ya tsorata ya yi ta kwankwaɗar ruwa lita-lita zai iya tsarma gishirin jininsa har ƙwaƙwalwa ta kumbura. Shi ya sa shawarar da ma'aikatan lafiya kan bayar ita ce kimanin rabin lita a sa'a guda ga mai rawa, a kurɓa a hankali, a riƙa hutawa a inuwa. Saboda haka tsakanin wanda ya sha ƙwaya ya koma gida da wanda ya sha aka kai shi makabarta, sau da yawa bambancin shi ne ko akwai rumfar inuwa, ko ruwa kyauta ne ko sai da kuɗi da dogon layi, ko likitan da ke wurin yana da kayan sanyaya jiki nan take, ko abokansa sun kai shi wurin likita da wuri ba tare da fargabar kama su ba.

Wannan fargaba ta ƙarshe ita ce inda ra'ayoyi suka fi rabuwa. A jihar New South Wales ta Ostireliya, mai binciken musabbabin mutuwa Harriet Grahame ta duba mutuwar matasa shida a bukukuwan kiɗa, ta fitar da rahotonta a watan Nuwamban 2019. Daga cikin abin da ta gano akwai cewa jibge karnuka masu shinshina da tsananta caje a bakin ƙofa na iya sa matashi ya haɗiye duk ƙwayoyin da ke aljihunsa lokaci ɗaya don kada a kama shi da su. Ta ba da shawarar a daina amfani da karnukan a bukukuwa, a kuma ba da damar gwada ƙwaya, wato mutum ya miƙa ɗan gutsure a auna a gaya masa abin da ke ciki, ma'aikacin lafiya ya yi masa gargaɗi. Gwamnatin jihar ta ƙi a lokacin, sai a 2025 ta fara gwajin tsarin. Holan kuwa tun 1992 take da irin wannan tsari a faɗin ƙasa. A Disambar 2014 tsarin ya gano wata ƙwaya mai ruwan hoda da tambarin Superman wadda ke ɗauke da wani sinadari mai kisa da ake kira PMMA, aka yi shela a talabijin da jaridu, ba a sami rahoton mutuwa a ƙasar ba, amma irin ƙwayar ta kashe mutane a Ingila cikin makonnin da suka biyo baya. Masu adawa suna cewa gwada ƙwaya tamkar sanya mata albarka ne, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce, don tsantsar MDMA ma tana kisa, babu awon da zai mayar da ita lafiyayya. Sai dai matashin da ya iso rumfar gwaji ya riga ya saya, ya riga ya shigo da ita. Zaɓin da ya rage wa hukuma a wannan lokaci shi ne ya sha a makance ko ya sha bayan wani ya dube shi ido da ido ya gaya masa haɗarin, wataƙila ma ya jefar.

Akwai ɓarnar da ba ta kai mutum asibiti a ranar, ita ce ta kunne. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, babba zai iya jure ƙarar desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, wanda shi ne abin da ake ji a gaban dandamali, rabon mako guda bai kai rabin sa'a ba, ga shi ana yini a wurin. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa, kuma ƙugin da mutum ke ji bayan biki alamar rauni ce. Dokar Suwizalan ta ƙayyade ƙara a desibel 100, ta kuma tilasta wa mai shiri ya raba abin toshe kunne kyauta in kiɗansa ya haura 93. Sai kuma yanayi, wanda fili ba shi da kariya daga gare shi. A 2015 ruwan sama ya mayar da filin bikin TomorrowWorld a jihar Jojiya ta Amurka taɓo, motocin jigila suka kasa shiga, mutane da yawa suka kwana a gefen hanya, bikin bai sake dawowa ba. A Agustan 2022 iska mai ƙarfi ta karya sassan dandamali a bikin Medusa a Sifaniya, mutum ɗaya ya mutu. Babu mai hana ruwa ko iska, amma akwai mai duba hasashen yanayi ya ce a dakata, ko ya yi shiru saboda kuɗin tikitin da zai mayar.

Tsofaffin 'yan harkar suna da nasu ƙorafin, daga ɗaya gefen. A ganinsu lasisi da shinge da tallan kamfanonin giya sun cinye ruhin abin, kiɗan da yaran talakawan Detroit da Shikago suka ƙirƙira ya koma hajar manyan kamfanoni, tikitinsa ya fi ƙarfin irin waɗanda suka fara shi, sunayen da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a allon talla kuma galibi na Turawa ne. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Bikin tekno na Detroit kansa, wanda aka fara kyauta a dandalin Hart Plaza a shekarar 2000, daga baya ya koma na tikiti. Jamus ta sanya al'adar tekno ta Berlin cikin jerin al'adun gadonta na ƙasa a watan Maris na 2024, karramawar da za ta ba wanda ya yi rawa a kangon gini a 1990 dariya. To amma tsada da haɗamar kamfani matsala ce da ake iya magancewa da doka da gasa da tallafin birni, kuma Zurich ta nuna cewa ana iya yin taro kyauta mai tsari. Begen zamanin da babu lasisi yana mantawa da cewa a wancan zamani in yarinya ta faɗi a gona da ƙarfe uku na dare, babu wanda ya san sunan gonar balle ya kira motar asibiti.

Mai karatu na iya cewa duk wannan dogon bayani ne a kan abin da tun asali bai halatta ba: cakuɗuwar maza da mata, giya, tsiraici, kiɗa daga hantsi har dare ba salla ba salati. Wannan hukunci ne na addini da tarbiyya, kuma babu wani lissafin ƙofa da famfo da zai soke shi. Wanda imaninsa ya hana shi zuwa ya yi daidai da ya zauna a gida, ya kuma hana 'ya'yansa. Irin wannan muhawara ba a Turai kaɗai ake yin ta ba. A Yuganda an sha yunƙurin hana bikin Nyege Nyege da ake yi a yankin Jinja tun 2015, a 2022 ma majalisar ƙasar ta nemi a soke shi kafin gwamnati ta bari a yi bisa sharuɗɗa, yayin da Saudiyya ta fara nata babban bikin kiɗan na'ura a wajen Riyadh a Disambar 2019. Abin da bai kamata ba shi ne a bar ƙyamar bikin ta zama mafakar masu sakaci. Duk lokacin da aka ce ai 'yan maye ne, su suka jawo wa kansu, to an wanke wanda ya amince da ƙofa ɗaya ga mutum 250,000, an wanke wanda ya sayar da ruwa da tsada cikin zafi, an kuma ba na gaba damar maimaitawa. Iyayen mutum 21 na Duisburg, waɗanda suka fito daga Jamus da Sifaniya da Italiya da Holan da Sin da Ostireliya da Bosniya, ba su rasa 'ya'yansu saboda irin kiɗan da suke so ba.

Shekara ɗaya kafin Duisburg, birnin Bochum ne ke da layin karɓar Love Parade. A farkon 2009 hukumomin birnin da 'yan sandansa suka auna tashar jirginsu da titunansu, suka ga ba za su ɗauki taron da ake sa rai ba, suka soke bikin. An zarge su da tsoro da zubar da mutuncin yankin Ruhr, har shugaban 'yan sandan birnin ya fito a rubuce yana kare matakin. Duisburg, wadda ita ma aka yi mata gargaɗi kan ƙuncin filinta, ta sa hannu a takardar izini kwanaki kaɗan kafin ranar bikin.